Littafin Jagoran Tafiya: Wanne Ya Dace Da Mai Ƙaramin Guzuri?

Duk wanda ya taɓa zama a ƙungiyarmu ta Tarihi da Labarin Ƙasa ya san abu biyu ne ke ta da gardama a taronmu: ina za mu yawon buɗe ido in an yi hutu, kuma nawa kowa zai kawo. A bana gardamar ta yi zafi ƙwarai, wasu na cewa Yankari, wasu na cewa Damagaram, wasu kuwa suka ce a tsaya a gida a ga abin da ke cikin Jigawa tukuna. Da malaminmu ya ga surutu ya ƙi ƙarewa, sai ya shigo ran nan da littattafai uku a hammata, ya zube su bisa tebur, ya ce ba wanda zai je ya tambayi ubansa ko kwabo sai mun karanta su, mun gwada su da juna, mun faɗa masa wanda za a iya dogara da shi. Ni da abokaina biyu aka ɗora wa aikin. Abin da muka koya a cikin makonni ukun nan shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai, da kuma iyayenmu, tun da yake daga aljihunsu kuɗin ke fitowa.

Da farko sai mu san irin littafin da ake magana. Akwai littafin labarin tafiya, akwai kuma littafin jagoran tafiya, ba ɗaya ba ne. Yawancinmu mun san Tafiya Mabuɗin Ilmi na Alhaji Abubakar Imam, inda ya ba da labarin zuwansa Ingila a 1943 tare da wasu editocin jaridu na Afirka ta Yamma. Wannan labarin tafiya ne. Kana kwance a kan tabarma za ka karanta shi, ka ji daɗi, ka ƙaru. Haka kuma littattafan Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851 ya bi ta Gumel zuwa Kukawa. Amma ba wanda zai ɗauki Barth ya tafi tashar mota yana neman kuɗin motar Gumel. Littafin jagora shi ne wanda ake riƙewa a hannu ana tafe. Aikinsa ya gaya maka hanyar da za ka bi, da motar da za ka shiga, da inda za ka kwana, da inda za ka ci abinci, da abin da ya cancanci kallo, da kuma kimanin abin da za ka kashe. Idan na farko ya yi kuskure, ba abin da ka rasa. Idan na biyu ya yi kuskure, kai ne za ka kwana a kan benci a tasha.

Kada mai karatu ya zaci Turawa ne suka fara sanin amfanin jagora. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja saro goro sukan yi watanni a hanya, kuma ayarinsu ba ya tashi sai da madugu, wanda shi ke shugabanci, da jagaba, wanda shi ke gaba. Jagaba ya san zangon da ke da ruwa da wanda rijiyarsa ke ƙafewa da rani, ya san mashigin kogi, ya san sarkin da ke karɓar fito mai tsanani da hanyar da za a kauce masa. In an isa gari kuma ga fatoma, watau mai masauki, wanda zai ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye. Haka nan alhazan da, masu tafiya Makka ta ƙasa, su bi ta Barno da Wadai da Darfur har su kai bakin Bahar Maliya. Kowane zango sukan tarar da Hausawan da suka riga su, su tambayi abin da ke gaba. Duk abin da littafin jagora ke ƙoƙarin yi a yau, aikin jagaba da fatoma ne aka zuba a takarda. Bambancin kawai shi ne jagaba yakan sake bin hanyar kowace shekara, ya ga abin da ya sake. Littafi kuwa tun ranar da aka buga shi ya daina tafiya. A riƙe wannan, don kusan duk abin da zan faɗa nan gaba daga nan ya taso.

A Turai an fara buga irin waɗannan littattafai sosai a shekarun 1830. Karl Baedeker a Jamus da John Murray a Landan su ne suka yi suna, kuma littattafansu na masu hali ne, masu sauka manyan masaukai. Mai ƙaramin ƙarfi bai sami nasa ba sai a 1957, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Arthur Frommer, wanda ya yi aikin soja a Jamus, ya buga littafin da ke nuna yadda mutum zai zaga Turai da dala 5 a yini. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A 1972 wani saurayi Tony Wheeler da matarsa Maureen suka tashi daga Landan suka ratsa Asiya ta ƙasa har Ostareliya, suka isa aljihu wayam. Mutane suka dame su da tambayar yadda suka yi, sai suka zauna suka rubuta ɗan ƙaramin littafi a 1973. Shi ne asalin kamfanin Lonely Planet. A 1974 Hilary Bradt da mijinta suka fara nasu, kamfanin Bradt, wanda ya fi son ƙasashen da sauran ba su kula da su ba. Shi ya fitar da littafi guda a kan Nijeriya kaɗai a 2005, wanda Lizzie Williams ta rubuta, ya kuma fitar da na Nijar a 2006. Rough Guides ya biyo baya a 1982. Masu jin Faransanci kuma suna da nasu, irin su Routard da Petit Futé. Waɗannan su ne sunayen da mutum zai fi cin karo da su in ya shiga laburare, ko ya tsaya wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Sabon Gari ta Kano.

Wani abin ban dariya game da littafin Frommer: dala 5 ɗin nan da ke cikin sunansa ba ta zauna ba. Aka mai da ita 10, aka yi ta ƙarawa shekara da shekaru har ta kai 95, sannan aka haƙura da sa kuɗi a sunan. Ko sunan littafi tsufa yake yi, balle abin da ke cikinsa.

To, mu koma ga namu guda uku. Ba zan faɗi kamfanonin da suka buga su ba, don ba talla na zo yi ba, ba kuma ɓatanci ba. Na farko ƙato ne mai kauri kamar bulo, ya haɗa ƙasashen Afirka da yawa, bangonsa ya yage. Na biyu matsakaici ne, a kan Nijeriya kaɗai. Na uku siriri ne mai sheƙi, cike da hotuna masu launi, irin wanda ake rabawa kyauta a wajen bikin baje koli. Da aka zube su, kowa hannunsa ya tafi kan mai hotunan. Ni ma haka.

Abin da malam ya fara sa mu yi shi ne mu nemo shekarun kowanne. Ana samun wannan a bayan shafin farko, cikin ƙananan baƙaƙe. A nan akwai tarko. Wani littafin za ka ga an jera shekaru uku ko huɗu, ka ɗauka ta ƙarshen ita ce shekarunsa, alhali kuwa sake bugawa kawai aka yi, ba a gyara ko harafi ɗaya ba. Abin nema shi ne shekarar da aka yi masa sabon gyara, watau aka sake tura mutum ya bi hanyoyin. Ko ita ɗin ma sai ka rage mata shekara guda, domin tsakanin ranar da marubuci ya tambayi kuɗin ɗaki da ranar da littafin ya fito daga maɗaba'a akan ɗauki watanni masu yawa.

Ƙaton namu shafin farkonsa ya ɓace, saboda haka sai muka yi masa irin binciken da ake yi wa doki, a duba haƙora. Taswirar Nijeriya ita ce haƙoransa. An yi jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Muka ƙirga na cikin taswirarsa muka sami 19, ga Legas da tauraron babban birni, ga ƙasarmu duk an shafe ta da launin Jihar Kano. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, gwamnatin tarayya kuma ta tare a Abuja a watan Disamba na wannan shekara. Ashe littafin ya girmi jiharmu, ya girmi wasu malamanmu ma. Na Nijeriya kaɗai ɗin yana da jihohi 36 cif, ya kuma haura shekara goma da fitowa. Mai sheƙin ba shi da shekara ko ɗaya a jikinsa, daga bango har bango. Malam ya ce wannan kaɗai ya isa a yi masa kallon tsanaki, don mai kaya mai kyau ba ya ɓoye ranar da ya saro shi.

Maganar kuɗi ita ce ta fi shafar iyayenmu, bari in daɗe a kanta. Ba wani littafin da aka buga a takarda da zai iya faɗa maka kuɗin mota na yau a Nijeriya. Kafin ran 29 ga Mayu 2023, ranar da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ba ta kai Naira 200 ba a gidajen mai na gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa 1,000. Kuɗin mota ya bi ta, kuɗin abinci da na ɗaki suka bi kuɗin mota. Wanda ya buɗe littafin da aka rubuta kafin wannan, ya tara kuɗin da ya gani a ciki ya ce wa mahaifinsa ga abin da zai ishe shi, to zai kai inda za shi, amma da ƙyar ya dawo.

Sai dai wannan bai sa lissafin tsohon littafi ya zama banza ba, kuma a nan ne muka koyi wata dabara da nake ganin ta fi duk sauran amfani. Kuɗi yana sakewa, amma yadda wani kuɗi yake in an gwada shi da wani bai cika sakewa ba. In littafi ya nuna kuɗin tafiya ta biyu ya ninka na ta farko sau uku, mai yiwuwa yau ma haka yake, tun da nisan bai ƙaru ba. Saboda haka sai ka je tashar Dutse ka tambayi kuɗin mota zuwa Kano a yau, ka gwada shi da abin da littafin ya rubuta na tafiya mai irin wannan nisa, ka ga sau nawa ya ninka. Da wannan ninkin za ka auna sauran kuɗaɗen da ke ciki, sannan ka ɗora wani abu a kai saboda tsaro. Haka kuma masaukin da littafi ya sa a sahun masu araha, in yana nan, da wuya ya koma sahun masu tsada. Malamin lissafi da ya ji muna wannan aiki ya yi murna, ya ce yau ga ranar abin da yake koya mana muna hamma.

Bayan shekaru, sai tambaya ta biyu: don wa aka rubuta littafin? Kusan duk waɗannan littattafai baƙi ne suka rubuta su don baƙi 'yan'uwansu. Idan Bature ya ce masauki yana da araha, da dala ko fam yake aunawa, kuma arahar tasa tana iya cinye kuɗin makarantar zango guda. Zai ɓata shafi goma yana bayanin yadda ake samun biza, da allurar da za a yi kafin a shigo, da yadda ake cin tuwo da hannu, da ma'anar “sannu” da “na gode”. Duk wannan ba mu bukata. Abin da muke bukata kuwa ba ya ciki: wace makaranta ce za ta yarda ɗalibai su kwana a ajinta lokacin hutu, ina masallacin da ke kusa da tasha, wace unguwa ce mutanen garinmu ke sauka. Ga misali ƙarami. Wanda zai tsallaka Nijar yana bukatar ya san cewa a bakin Hausawan can “dala” tana nufin sefa 5, “dala ashirin” sefa 100 ke nan, “jaka” kuwa sefa 1,000. Ko ɗaya cikin littattafanmu bai faɗi haka ba, amma duk wani ɗan kasuwar Maigatari zai gaya maka kafin ka gama gaishe shi. Ban ce a yar da littafin baƙo ba. Baƙo yakan ga abin da ɗan gari ya saba da shi har ya daina gani, kuma yakan auna nisa da awoyi, ba ya ce maka “nan kusa ne” alhali tafiyar rabin yini ce. A dai san cewa rigar aro ce, sai an yi mata ɗinki.

Sa'an nan kauri. Mutum yakan ga ƙaton littafi ya ce lalle wannan ya tara kome. Ba haka ba ne. Littafin da ya haɗa ƙasashe goma sha biyar ko fiye dole ya ba Nijeriya babi ɗaya, cikin babin Arewa ta sami 'yan shafuka, cikin 'yan shafukan Kano ta kwashe rabonta da Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Me zai rage wa sauran? Irin wannan littafi na wanda zai ratsa ƙasashe ne, yau Kwatano gobe Lome jibi Ankara. Wanda tafiyarsa ba ta wuce jiha biyu ko uku ba, littafin ƙasa ɗaya ya fi masa, ga shi bai cika jaka ba.

Yanzu ga gwajin da na fi so, wanda kowa zai iya yi yana tsaye gaban mai sayar da littattafai, ba tare da ya biya ko sisi ba. Buɗe littafin a wurin da ka sani kamar tafin hannunka. In ya yi gaskiya a kan garinku, ka iya ba shi amana a kan garin da ba ka sani ba. In ya yi shirme a inda kake da ido, me zai yi maka a inda kake makaho? Mu sai muka nemi Dutse da Birnin Kudu. Abin da muke so mu gani shi ne ko marubucin ya san cewa tsohon garin Dutse yana Garu a cikin duwatsu, inda fadar Sarki take, ko ya san garin ya yi suna da dabino, ko kuma ya san zanen shanun nan na mutanen da da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da duwatsun da in an buga su suke ƙara kamar kuge, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a 1955. Ƙaton littafin bai san da Dutse ba sam, abin da ba mamaki tun da a zamaninsa ba ta zama babban birnin jiha ba. Na Nijeriya ya taɓo mu a gurguje, amma abin da ya faɗa daidai ne, kuma ya yi abin da ya burge ni: a wani wuri ya faɗa a fili cewa shi bai je ba, ji ya yi. Marubucin da ke rarrabe abin da ya gani da abin da ya ji, shi ne abin riƙewa. Mai sheƙin ya fi su yawan magana a kanmu, ya yabi kome da kome, kowane dutse abin al'ajabi, kowane tafki aljannar duniya, amma bai faɗi motar da ake shiga ba, bai faɗi nisa ba, bai faɗi wanda za a nema ya buɗe maka wuri ba. Ba laifinsa ba ne, don kwaɗaitarwa aka yi shi. Littafin da bai taɓa kushe ko wuri ɗaya ba talla ne, a kalli hotunansa a ajiye.

A duba fihirisa da taswira kuma. Littafin da ba shi da jerin sunayen garuruwa a bayansa wahala ne a cikin mota tana tsalle. Taswirar da ba ta da ma'aunin nisa kuwa zane ne kawai. Sunaye ma suna ruɗa baƙi: akwai Dutse tamu, akwai Dutsen Alhaji a Abuja, akwai Dutsin-Ma a Jihar Katsina. Akwai Birnin Kudu, da Birniwa, da Birnin Gwari, da Birnin Kebbi. Marubucin da ya cakuɗa waɗannan bai taka ƙasar ba.

Wani abin da ke raba littafi mai amfani da na ado shi ne ko ya san rana da lokaci. A ƙasarmu ranar kasuwa ita ke mulkin hanya. Shuwarin tana ci ran Litinin, Gujungu ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis. Ran kasuwa mota ba ta daɗewa ba ta cika ba, ka je ka dawo da wuri. Ran da ba kasuwa kuwa sai ka yini a tasha ana jiran mutum biyu, ko a ce ku biya kuɗin kujerun da ba kowa. Wanda ya je Maigatari ran Talata don ya ga kasuwar dabbobin da ake labari, fili zai tarar. Haka dajin tsuntsaye na Baturiya da ke cikin fadamar Haɗeja da Nguru. Tsuntsayen da ke tasowa daga Turai da sanyin hunturu suke zuwa, wanda ya je da damina kuwa ruwa da taɓo ne za su tare shi tun a hanya. Hawan Salla ma bin watan Musulunci yake, yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, saboda haka littafin da ya ce ana hawa a watan kaza na Turawa ya yi gaskiya ne na 'yan shekaru kaɗan kawai.

Akwai kuma abubuwan da bai kamata a tambayi littafi ba ko da jiya aka buga shi. Na ɗaya lafiyar hanya. Hanyar da marubuci ya bi da dare yana barci a mota shekara goma sha biyar da suka wuce, wataƙila yau direbobi ba sa bin ta bayan la'asar. Na biyu iyakar ƙasa. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin da aka yi can ran 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. A Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Duk wani bayani a kan takardun tsallaka iyaka da aka rubuta kafin waɗannan, sai an sake tambayar jami'an shige da fice. Wannan ne ya sa muka jingine maganar Damagaram a bana, ko da yake masu son ta sun yi ta gunaguni.

Wani zai ce, ina ruwanmu da littafi, ga waya a hannu? Gaskiya ne taswirar waya tana nuna hanya, kuma labarin cikinta ya fi na takarda sabunta. Mun yi amfani da ita ƙwarai. Amma caji yana ƙarewa, sabis yana ɗaukewa daidai inda aka fi bukatarsa, kuma ƙauyukanmu da yawa ko ba sa ciki ko an rubuta sunansu yadda mai garin kansa ba zai gane ba. Ban da haka, littafi yana da mai shi, an san wanda ya rubuta da shekarar da ya rubuta. Abin da ke yawo a waya sau da yawa ba uwa ba uba. Duk gwajin da na ambata a sama, a yi wa waya shi ita ma.

Da makonni uku suka cika muka kai wa malam hukuncinmu. Muka ce ƙaton a mai da shi laburare wajen littattafan tarihi, don yana da daɗin karatu ga mai son ya san yadda ƙasar take a da. Mai sheƙin a yanke hotunansa a manna a allon sanarwa. Na Nijeriya shi za mu riƙa, amma da sharaɗi: tarihin wurare da nisa da taswira a ɗauka daga gare shi, kuɗi da masauki da lafiyar hanya kuwa a tambayi mai rai. Ba don malam ya nace a kan sharaɗin nan ba da mun sha kunya, domin wani masauki mai araha da littafin ya yaba, wanda har mun sa shi a lissafinmu, da aka aika wani tsohon ɗalibi ya dubo sai ya tarar an daɗe da mai da shi shagunan haya. Mu ashirin da huɗu ne, har da 'yan aji ɗaya. Ku auna a ce da magariba muka isa ƙofar.

Masu rai ɗin da muka tambaya ba su da wuyar samu. Wani dattijon direba a tasha, wanda ya fara tun yana yaron mota, ya zauna da mu bayan azahar ya lissafa mana garuruwan da ke kan hanyar Haɗeja ɗaya bayan ɗaya, da inda ake canjin mota, da lokacin da motar ƙarshe ke tashi. Kakar ɗaya daga cikinmu ta faɗa mana gidan da za mu sauka, ta ce a ce ita ta aiko mu. Muka sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, muka raba kowane shafi gida huɗu: wuri, abin da aka biya, ranar da aka biya, da wanda ya faɗa. Ranar ita ce muka ja wa layi biyu.

An tsai da shawara za mu Birnin Kudu yini ɗaya a farkon hutu, sannan Baturiya kwana biyu in sanyi ya shigo. Takardar lissafin kuɗin tana wurin sakataren ƙungiya, duk uban da ke son ganinta kafin ya sa hannu yana iya aikowa a kai masa. Littafin rubutun kuma za a ajiye shi a laburare bayan mun dawo, a kanta ta biyu kusa da taga, kuma mun bar shafi talatin na ƙarshe ba rubutu saboda 'yan aji huɗu da za su karɓi ƙungiyar baɗi.